Wuyan Rigar Malama Babba

Ranar da likita ya gaya wa Gwaggo cewa idonta ba zai koma yadda yake ba, ni na raka ta asibiti. Ya ce ciwon sukari ne ya taɓa can cikin idon, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Ta saurare shi tana gyaɗa kai, kamar labarin wata ake ba ta. Da muka fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wata bishiya, ta daɗe tana kallo.

"Sanyi," ta ce, don haka take kirana tun ina ƙarami, wai komai nawa a hankali nake yinsa, "ganyen nan ɗaya-ɗaya kake ganinsu?"

Na ce e.

"Ni kuwa kamar an jiƙa koren yadi an shanya."

Gwaggo yayar babana ce, kuma ita ta raine ni. Sana'arta adon wuyan riga, da allura da zare, ba ta taɓa yarda da keke a wannan aikin ba. Ɗakinta taga ɗaya ne da shi, a gindinta take zama kan wata gajeriyar kujera, kwandon zare a dama, almakashi a cinya. Duk adon da ta iya ta koya wa Auta, 'yarta, in ban da guda ɗaya.

Bayan kwana uku da zuwanmu asibiti na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ita da fensir da takarda, ta zana ta soke, ta zana ta soke. Auta na gefe ta yi tagumi.

"Na innata ne," in ji Gwaggo. "Zare biyu ne, shuɗi da ruwan zuma. Kowanne ya taso daga kafaɗarsa, su gangaro suna zagaya juna, sai a nan ƙasa, a tsakiyar ƙirji, su haɗu. To haɗuwar ce ta ɓace mini. Na san akwai wata juyawa da allura ke yi, amma da na kai hannu sai ta gudu."

Sau ɗaya tak ta taɓa yinsa cikakke, saboda wata biyu yake ci. Shugabar makarantar firamaren da ke bayan layinmu ta ɗinka wa, wadda kowa ke ce wa Malama Babba. Malama Babba ta rasu shekara huɗu da suka wuce, an raba kayanta, Auta ta bi gida uku tana tambaya ba wanda ya san inda rigar ta faɗa.

"In idon nan ya rufe ban sa shi a hannun yarinyar nan ba, shi ke nan ya tafi," in ji Gwaggo. Ba da kuka ta faɗa ba. Zare take warwarewa.

Auta ce ta tuna cewa makarantar na da shafi a intanet, kuma Malama Babba ba ta da rigar taro sai wannan. Ranar rabon sakamako ita ce, ranar wasanni ita ce, ranar da baƙi suka zo duba sabon aji ita ce. Sai duk suka juyo suna kallona, saboda ni ke aiki a shagon hoto.

Shagon namu ƙarami ne, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Muna ɗaukar hoton fasfo, muna wanke hotuna, muna buga takardu mu lulluɓe su da leda. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma hannuna ya san kwamfutar nan kamar yadda ya san makullin ɗakina. Maigida, mai shagon, mutum ne mai tsawa a baki da sanyi a ciki.

Washegari Auta ta ɗauki hoton fuskar wayarta, ta turo mini guda biyar ta manhajar hira. Na buɗe ɗaya na ja shi ya cika allon kwamfuta. Sai Malama Babba ta farfashe ta zama gida-gida, kamar bangon banɗaki mai tayil. Wuyan rigar kuwa wani shuɗin dabbare ne kawai.

Maigida ya leƙo ta bayana da kofin shayi a hannu.

"Wannan wace ce, ko mece ce?"

Na ba shi labari. Ya ajiye kofin.

"Kai Sanyi, da kai da ƙanwarka duk kun cuci hoton nan. Hoto in za a ɗora shi a intanet matse shi ake yi, kamar mai cusa kaya a ƙaramar jaka, abin da bai shiga ba a bar shi a ƙasa. Ita ta ɗauki hoton matsattsen, ta turo ta waya aka ƙara matse shi. Sau uku kenan. Me kake so ya rage? Je ka shafin da kanka, ka danna kowane hoto ya buɗe, ka sauke babban."

Haka na yi. Shafin tsoho ne, an daina taɓa shi, amma hotunan na nan jere shekara bayan shekara. Ban tsaya zaɓe ba, don ban san wanda zai yi amfani ba. Duk lokacin da babu kowa a shago sai in zauna in sauke. Kwana biyu na yi, na tara ɗari uku da sha biyu a folda ɗaya. Ko manyan cikinsu ba su fi tafin hannu ba.

Akwai wata manhaja a kwamfutar da Maigida ke ƙara wa tsofaffin hotuna girma da ita. Ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba, kana iya zuba mata folda guda ta yi su gaba ɗaya. Na zuba. Ta tambaye ni ninki nawa, na ga takwas ne ƙarshe, na ce takwas. Akwai wurin gyara fuska, na danna. Akwai wurin share ƙura, na kai shi maƙura. Akwai wurin kaifafa layi, shi ma na kai shi maƙura. A ganina ai Gwaggo ta cancanci a ba ta komai.

Da rana ne, lokacin da titi ke yin shiru. Fanka na juyawa a sama, agogunan maƙwabcinmu na ta ƙas-ƙas ta cikin bango, kowanne da lokacinsa. Na jingina da kujera ina kallon hotunan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya fara da duhu-duhu, sannan ya washe daga sama zuwa ƙasa, kamar mutum na tasowa daga cikin ruwa. Yara a layi da fararen safa. Wani malami ya ɗaga kofi. Malama Babba tana magana a lasifika, Malama Babba tana miƙa wa wata yarinya littafi, Malama Babba a ƙarƙashin rumfa ta kare ido da hannu. Shekaru na wucewa a gabana, yaran na canzawa, bishiyar da ke tsakar makarantar na ƙara tsawo, rigar tana nan. Har na ji kamar in na miƙa hannu iskar filin nan za ta taɓa ni. Ban san na lumshe ido ba sai da wata mata ta ƙwanƙwasa tebur tana son fasfo guda huɗu.

Da aka gama na duba, kai, sun yi kyau. Na zaɓi shida na buga a babbar takarda, na naɗe, na tafi gida ina jin kaina.

Gwaggo ta sa tabarau, ta kai takardar gindin taga, ta kusanto da ita har tana taɓa hancinta. Auta ta leƙa ta kafaɗarta, sai ta fashe da dariya.

"Yaya, wannan amaryar fa? Malama Babba da ta haifi bakwai ce ta koma 'yar shekara ashirin?"

Gaskiyarta. Fuskar ta yi sumul, babu tamoji ko ɗaya, har ɗan tabon da ke gefen hancinta ya tafi. Gwaggo ba ta yi dariya ba tukuna, tana bin wuyan rigar da yatsa.

"Sanyi, wa ya sa ganye a nan?"

"Ba ganye a ciki?"

"Ni ban taɓa ɗinka ganye ba a rayuwata. Ga wani abu nan ma kamar ƙafar kaza." Ta sauke takardar, sai yanzu ta yi murmushi. "Injin nan naka yana da ladabi. Bai sani ba, kuma yana jin kunyar ya ce bai sani ba."

Kunya ta kama ni har wuya. Na fara tattara takardun, ta riƙe ɗaya.

"Bar mini wannan. Ko ba komai Malama ta ji daɗi."

Da na gaya wa Maigida, sai da ya zauna don dariya.

"Takwas! Don me ba ka nemi ɗari ba? Kai, abin da aka zubar tun wajen matsewa ba ya dawowa. In ka matsa wa manhajar nan sai ta cike gurbin da abin da ta saba gani a wasu hotunan. Ta ga dubban riguna masu ganye, ta ba ka ganye. Zaren gwaggonka kuma ta ɗauka ƙura ce ta share."

"To yaya zan yi, Maigida?"

"Ka roƙe ta kaɗan. Ninki biyu. Fuska ka ƙyale ta, ba fuska kake nema ba. Sharar ƙura ka taɓa ta kaɗan, don gida-gidan nan su lafa kawai. In ta gama kada ka adana su a irin fayil ɗin da ke sake matsewa. Kuma gwada da guda uku tukuna kafin ka zuba mata duka, malam mai gaggawar da ba a san shi da ita ba."

Na gwada da uku. Ba su yi kyan na farko ba. Sun fito da ɗan dishi-dishi, kamar ana kallonsu ta gilashin da aka hura wa numfashi. Amma inda zare ya bi, zare ne. Inda hoton bai sani ba, ya bar wurin a dushe. Na sake zuba ɗari uku da sha biyun, na bar su suna tafiya ina sallamar mutane. Sannan na bi su na ware duk wanda rigar ta fito sosai, guda ashirin da bakwai. Na yanko wuyan rigar kaɗai a kowanne, na buga.

Ranar da ba na zuwa aiki muka ɗage tabarmar ɗakin Gwaggo da safe, muka share, muka shimfiɗa takardun a ƙasa inda hasken taga ke sauka. Babu guda ɗaya da ya nuna adon duka. Wannan rana ta haska kafaɗar dama, wancan Malama ta juya sai hagu ta fito, wani kuma lasifika ta rufe rabi ta bar rabi tas. Gwaggo ta durƙusa a tsakiyarsu da gilashin ƙara girma da na aro wajen mai gyaran agogo. Tana rarrafe daga wannan zuwa wancan tana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba.

"Uku sama, biyu a kwance. Ga ki nan. Nan na kuskure na warware, ranar ruwa ake yi. Shuɗi ya bi ta ƙasa, ruwan zuma ya hau."

Auta na biye da ita da fensir tana zanawa. Ni aikina in miƙa takarda in karɓi takarda. Hasken ya taso daga bakin ƙofa ya hau kan takardun a hankali, zaren da ke cikinsu ya yi kamar yana motsi. Gwaggo ta ce innarta a tsaye take koya mata, ta bayanta, ta ɗora haɓa a kanta ta riƙe mata hannu, har yau in ta ɗauki allura tana jin nauyin haɓar nan. Ban taɓa ganin kakar tawa ba, amma a safiyar nan na ji kamar mu huɗu ne a ɗakin.

Kafin azahar kafaɗu biyu sun fito a takardar Auta, sun gangaro suna zagaya juna. Sai aka zo tsakiya. Gwaggo ta bi takardun nan ashirin da bakwai, ta sake bi, sannan ta zauna dirshan.

Malama Babba mace ce mai bin doka. A kowane hoto katin aikinta na rataye a wuyanta da igiya, kuma ya sauka daidai kan haɗuwar zaren. Ko sau ɗaya ba ta cire shi ba.

"Allah ya jiƙanki, Malama," in ji Auta, "amma wa zai tare ki a ƙofar makarantarki ya ce ke wace ce?"

Gwaggo ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce mu kwashe takardun, idonta ya gaji. Da Auta ta tambaye ta ko za ta ƙirƙiro wata haɗuwar da kanta, ta girgiza kai.

"Sai in zama injin Sanyi."

Kwana biyu ba ta taɓa allura ba. Takan zauna a gindin taga hannu a cinya, ta juya fuska wajen haske.

A shago ban goge foldar ba. Hotuna ɗari biyu da tamanin da biyar ne ban buga ba, waɗanda Malama ba ta ciki, ko tana can nesa. Tunda manhajar ta riga ta ƙara musu girma tare da sauran, sai na ce bari in bi su. Ba na cewa ina sa rai, zaman ne dai ya fi mini sauƙi da abin kallo. Na daina duba gaban hoto, na koma duba bayansa. A nan na ga abubuwan da mai ɗaukar hoton ma bai san ya ɗauka ba. Wani yaro na hamma. Mai sayar da ruwa ya leƙo ta katanga. Wata malama ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur.

A rana ta biyu na zo kan hoton tseren buhu. Yara uku a gaba suna tsalle, su aka ɗauka. Can baya, kusa da rumfa, wata yarinya ta faɗi, Malama Babba ta sunkuya za ta ɗaga ta. Da ta sunkuya katin ya yi lilo ya bar ƙirjinta.

Wurin bai fi ƙwayar wake ba a allon. Na daɗe ina kallonsa. Hannuna ya je kan ninki takwas, na tuna ƙafar kaza, na janye. Na yanko shi yadda yake, na buga shi a tsakiyar farar takarda. Ɗigo-ɗigo ne kawai, shuɗi da ruwan zuma, wasu sun yi duhu wasu sun yi haske. In ka ba wani a titi zai ce tawada ce ta zube.

Maigida ya duba ya ce, "Wannan za ka kai mata?"

"Shi ke akwai."

"To tafi yanzu, rana na da sauran haske. In an zo fasfo ni ma ina da hannu."

Na same ta a gindin taga. Na ce, "Gwaggo, ba shi da kyau, kuma ban ƙara masa komai ba." Ta karɓa, ta sa tabarau, ta ɗora gilashin mai agogo. Ta matso da takardar, ta nisanta ta, ta karkata ta wajen haske. Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Duhu biyu a nan," in ji Gwaggo. "Me ya sa biyu?" Yatsunta na dama sun fara motsi a kan cinyarta, babba da manuni a haɗe, kamar da allura a tsakaninsu. Suka yi gaba, suka tsaya, suka yi gaba, suka tsaya. Sai na ga wuyan hannunta ya juya baya.

"Au," ta ce a hankali. "Komawa take yi. Allurar ba ta wucewa, komawa take yi ta ramin da ta fito, ta ɗauko ɗaya zaren. Shi ya sa duhun ya zama biyu." Ta ajiye takardar ba ta ƙara kallonta ba. "Auta, sauke tukunyar nan. Kawo ƙyalle da zare."

Ni na zura mata zaren a allura, don ramin ya daina ganuwa gare ta. Ta yi haɗuwar sau ɗaya a kan wani farin ƙyalle, da manyan ɗinki, a hankali. Sannan ta miƙa wa Auta, ta tashi ta ba ta gajeriyar kujerar.

Auta ta yi nata, ta miƙa. Gwaggo ba ta kai shi ido ba, ta shafa da babban yatsa.

"Warware. Kin wuce, ba ki koma ba."

"Inna, na koma fa."

"Kin koma ta ramin maƙwabta. Warware."

Auta ta turo baki ta warware, tana cewa ita dai wannan kakar tasu ta so wahalar da mutane. Ta sake farawa. Shuɗi ya gangaro, ruwan zuma ya gangaro, allurar ta nutse ta fito, ta juya. A waje mai sayar da gawayi na wucewa da kiransa, hasken tagar ya koma ja-ja a kan hannuwansu.

Ta miƙa. Gwaggo ta shafa sau ɗaya, ta juya ƙyallen ta shafa bayansa. Ta daɗe yatsanta na kan wurin.

"Sake wani," ta ce. "Sai kin yi goma kafin in yarda ba sa'a ba ce."

Auta ta miƙo mini allura ba tare da ta ɗago ba. Na zura mata sabon zare.